Yadda ake gyara aji ya karɓi kowane yaro, har da masu buƙata ta musamman

Wannan rubutun na yi shi ne saboda sabbin malaman firamare da na Islamiyya, musamman wanda aka kawo mishi yaro mai lalura aji, hedimasta ya ce "Malam ga shi nan, ka san yadda za ka yi da shi" ya juya ya koma ofis. Na daɗe ina wannan aikin a makarantun gwamnati da na unguwa, irin ajin da yara sun fi benci yawa nesa ba kusa ba, wasu a ƙasa wasu a taga, don haka abin da zan faɗa ba na makarantar masu hannu da shuni bane. Mafi yawan gyaran awo ne da canjin wurin zama da haske, sai tambayar shi yaron da kanshi. Wuri biyu ne kawai ke cin kuɗi sosai, gangaren hawa baranda da banɗaki, su ma akwai dabara in babu. Malama, duk inda na ce "ka" har da ke nake.

In wani ya ce maka ai wannan ba dole bane, akwai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, jihohi da dama kuma sun yi tasu dokar. Ka riƙe wannan a ka don ranar da za ka je gaban SBMC, wato kwamitin kula da makaranta na al'umma, ko PTA neman siminti.

Kayan da za ka tanada

Tef na awo, na kafinta mai mita biyar ya fi amma na tela ma zai yi. Igiya da turaku biyu. Littafi guda daban wanda ba na shirin darasi ba, na yaran nan ne kawai. Alli fari da ruwan ɗorawa, fentin allo baƙi wanda baya sheƙi, maka baƙa mai kaurin baki, kwalaye, almakashi, gam. Sai tarkacen da ba a saya: murafun kwalba, ƙwallon dabino, tsakuwa, zare, yashi, tsohon tiyub ko tsofaffin silifas, kiret ɗin ƙwai, buhunan da aka gama da su. Ƙaramin gwangwanin fenti ruwan ɗorawa. Wayarka in Android ce ta isa. Siminti da bulo da marmara sai ka yi awo tukuna, kar ka saye su kafin mataki na uku.

1. Fara da sanin su waye a ajin

Yaron da ke kan keke ko mai sanda kowa na ganinshi. Waɗanda ke wahala a ɓoye su ne wanda baya ganin allo sosai da wanda kunnenshi ya yi nauyi, su ne ake ce wa daƙiƙai ana ta zane su shekara da shekaru alhali ba su san ma me aka rubuta ba. To ka gwada ajin gaba ɗaya, ba wanda kake zargi kaɗai ba.

Na ido: ka rubuta haruffa ko lambobi a allo da girman da ka saba rubutu, yaro ya tsaya a bencin ƙarshe ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya canza. Wanda bai iya karatu ba tukuna ka zana mishi E tana kallon sama ko ƙasa ko gefe ya nuna da yatsu inda ƙafafunta suka dosa. Ka lura da mai ƙanƙance ido, da mai kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon allo.

Na kunne: ka tsaya a bayanshi kamar tsawon hannu, ya toshe kunne ɗaya, ka yi raɗa da kalmar da ya sani ya maimaita. A bayanshi fa, don in yana ganin bakinka zai cinka. Ka duba ko kunnen na zubar da ruwa ko mugunya, ka tambayi iyaye ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, waɗannan biyun sun kurumtar da yara da yawa a ƙasar nan.

Daga nan ka je gidan, ko ka aika a kira uwar, don ita ta fi kowa sanin yadda yake cin abinci da yadda yake zagayawa da abin da ke tunzura shi. Ka shiga da girmamawa, "Mama mun zo ne mu ji yadda za mu taimaka wa yaron nan", kar ka fara da lissafa abin da ya kasa, wasu iyayen suna jin haka za su ɗauka korarshi za a yi su daina turo shi. Sannan ka tambayi yaron shi kaɗai, ba a gaban aji ba: ina ne ya fi maka wuya a makarantar nan? Amsar tana yawan ba da mamaki, kai kana tunanin allo shi kuma banɗaki ne damuwarshi.

Gargaɗi: kai ba likita bane. A littafinka abin da ka gani za ka rubuta, "baya ganin allo daga benci na huɗu", "baya juyowa in an kira shi ta hagu". Sunan cuta ka bar wa asibiti, aikinka ka tura su.

2. Bi hanyar da yaron ke bi

Ka fito bakin get ka tako har aji, daga aji zuwa banɗaki, zuwa famfo ko randa, zuwa wurin asembili da masallaci. In zai yiwu ku yi tafiyar tare da shi kana kallon inda yake tsayawa. Yashi mai zurfi yana riƙe taya, kwata marar murfi tarko ce ga makaho, ga tushen bishiya, ga ƙaramar ƙofar get mai ƙarfe a ƙasa wadda sai an ɗaga ƙafa. Hanya ɗaya tak za ka zaɓa ka gyara, faɗin mita ɗaya da rabi, a kwashe yashin a zuba marmara a yayyafa ruwa a daddaɓe. A jera duwatsu ko rabin bulo a gefe ɗaya a shafa musu farar ƙasa, mai sanda zai bi su da sandarshi mai raunin gani kuma zai hango farin. In makarantar bene ce, ajin ne zai sauko ƙasa gaba ɗayanshi, ba a riƙa ɗaukar yaro kamar kaya ana hawa da shi ba.

3. Gangaren hawa baranda

Nan ne aka fi ɓarnar siminti. Za ka ga an yi gangare a tsaye ƙyam, ko babban mutum mai ƙarfi ba zai iya tura kanshi ba, in kuma ya zo saukowa sai dai a tare shi a ƙasa. Ƙa'idar ita ce ɗaya bisa sha biyu, wato duk tsayin santimita ɗaya yana son tsawon santimita 12. Barandar da ta kai santimita 30 tana son gangaren mita 3.6, mai santimita 45 kuma mita 5.4. In birkila za ka yi wa bayani ga hanya mai sauƙi: bulo mai inci tara, duk tsayin bulo ɗaya a ba shi tsawon bulo shida a jere. Zai ce maka "Malam wannan ai ya yi tsawo, cin siminti ne", ka ce eh haka ake so. Ka kafa turke ka ja igiya daga bakin baranda zuwa inda zai ƙare kafin a kwaɓa komai, kuma ka tsaya a wurin ranar aikin, in ka tafi aji ka dawo za ka tarar an gajarta.

Faɗinshi santimita 120. A sama a bar fili shimfiɗaɗɗe kamar mita ɗaya da rabi inda keke zai tsaya ya juya, kar gangaren ya ƙare a bakin ƙofa kai tsaye don yaro ba zai iya riƙe taya da hannu ɗaya yana tura ƙofa da ɗayan ba. Gefe da gefe a ɗaga ɗan baki kamar santimita 10 saboda taya ko sanda kar ta zame. Kar a goge saman ya yi sumul, tun simintin na ɗanye a ja tsintsiya a kai a gicciye, in ba haka ba ranar ruwan sama ya zama wurin sulu. In da hali mai walda ya yi abin riƙewa da bututun ƙarfe, na yara kamar santimita 60 zuwa 70 daga ƙasa, a shafa fenti mai haske don baƙin ƙarfe a ranar Afrilu baya taɓuwa.

In filin gaban ajin bai kai ba, a kwantar da gangaren ya bi jikin barandar a tsawonta. In kuma siminti ne babu, a jera bulo ko duwatsu gefe biyu a cika tsakiya da marmara a daddaɓe sosai, yana aiki, sai dai duk bayan damina sai an ƙara. Katako kuwa ban cika so ba, gara na cinye shi kuma yana santsi.

Abu ɗaya da zanen littafi baya faɗa: yawancin yaranmu da shan inna ko wata lalurar ta taɓa ba keken asibiti suke hawa ba, keken nan ne mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya fi tsawo kuma baya juyawa a ƙaramin wuri. Ka auna keken yaronka na gaske. Sau da yawa a waje zai ajiye shi ya rarrafa ciki, to ka ware mishi inuwa kusa da ƙofa inda zai faka, ka hana yara hawa suna wasa da shi, kuma daga nan zuwa mazauninshi ya zama a share kullum.

4. Ƙofa da jerin benci

Ƙofa ta kai faɗin santimita 90 in an buɗe. Dokin ƙofa in ya yi tudu a fasa shi ko a yi mishi ɗan gangare ciki da waje. Bakin kowace matakala a ja mishi layin fenti ruwan ɗorawa. Ƙofa da tagar ƙarfe su kasance ko a buɗe gaba ɗaya ko a rufe, wadda aka bari rabi ita ke fasa wa makaho goshi.

A ciki ka buɗe hanya ɗaya mai faɗin mita guda daga ƙofa zuwa allo, ko da za ka matse sauran layukan. Jakunkuna da takalma kar su zauna a kanta. Yaro mai keke a cire mishi benci ɗaya a ƙarshen layi ya shiga cikin sahu kusa da abokanshi, kuskuren da ake yi shi ne a ajiye shi shi kaɗai a gefen allo yana fuskantar aji kamar wanda aka yi wa horo. Teburinshi ya zama gwiwa na shiga ƙarƙashi, kamar santimita 70, in ya yi ƙasa a sa bulo ƙarƙashin ƙafafun, in babu tebur kafinta ya yanka falanki a ɗora a hannun keken. Yaron da jikinshi ke da laushi baya iya zama daram, kujera mai jingina da hannu yake so kuma ƙafarshi ta taka wani abu, ko kwali ne cike da tsofaffin littattafai. A Islamiyyar da ake zaman tabarma ka ba shi kusurwa, bango biyu su tallafe shi.

In ka gama jerin ka bar shi haka. Makaho haddace ɗaki yake yi, in dole ka canza ka gaya mishi ku zagaya tare.

5. Allo, haske da masu raunin gani

Allon da ya koɗe ya zama toka-toka ko mai lafiyar ido wahala yake sha. Ka sake mishi fenti, kuma a riƙa wanke shi da jiƙaƙƙen tsumma ba a bar ƙurar alli ta yi kauri ba. Ka zauna da kanka a benci daban-daban da safe da kuma wajen sha biyu ka ga inda allon ke ƙyalli, tagar da ke jawo hakan a rataya mata buhu a rabin sama. In farin allo ne, baƙar maka kawai, ja da kore ba sa fita, wadda ta fara bushewa a yar. Rubutu manya, layi a miƙe, tazara tsakanin kalmomi.

Zabiya a gaba zai zauna, taga a bayanshi ko a gefe, hasken kar ya doki idonshi. Ka bar shi da hularshi mai baki ko a cikin aji, ka bar shi ya kai littafi dab da hanci ko ya karkata kai, haka yake samun gani, ba rashin ladabi bane kuma ba zai ƙara lalata idon ba. Ko a gaban ma sau da yawa allon baya fita mishi, don haka ka ba shi izini ya taso ya duba ba sai ya nema ba, ko ka ba shi takardar darasinka ya kwafa. Asembili da wasanni a inuwa, riga mai dogon hannu ko da ba ita ce yunifom ba, rana tana ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji, wannan ba abin da za a yi gardamar yunifom a kai bane.

Wanda baya gani gaba ɗaya, bakinka ne allonshi. Duk abin da kake rubutawa ka faɗe shi da ƙarfi, ka daina "ku ɗauki wannan ku haɗa da wancan", ka ce ku ɗauki bakwai ku haɗa da biyar. Ka kira sunanshi kafin ka yi mishi tambaya, in za ka bar wurin ka ce ka tafi. In za ka yi mishi jagora shi zai riƙe gwiwar hannunka, ba kai za ka ja sandarshi ba. Taswira da siffofi ka yi su a kwali da gam da zare, kogin Kwara da Binuwai zare, tafkin Chadi yashi, Abuja murfin kwalba, za ka ga masu idon ma sun fi ganewa.

Rubutun makafi, wato birel, ɗigo shida ne a gida ɗaya, uku hagu uku dama. Ka yanko kiret ɗin ƙwai mai rami shida, ka sa tsakuwa a ramin farko na sama ta hagu, wannan shi ne "a", ƙara ɗaya a ƙarƙashinta ya zama "b". Da haka yaro zai san tsarin kafin a samo allon birel da abin hudawa. In an samo ka tuna daga dama ake hudawa zuwa hagu, sai a juya takardar a karanta daga hagu. Kai ba sai ka ƙware ba amma ka nemi wanda ya iya, makafin da suka yi makarantar Gindiri a Filato, wadda ke nan tun 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, suna nan cikin garuruwanmu kuma da yawansu za su zo in an gayyace su da mutunci. Kafin nan ka ɗauki darasi a waya ka tura wa iyaye ta WhatsApp. Wayar Android tana da TalkBack mai karanta abin da ke fuskar waya, kwamfuta kuma akwai NVDA kyauta, sai dai Turanci suka fi iyawa.

6. Ƙara, da yaran da ba sa ji sosai

Aji mai rufin kwano ba silin, ƙasa siminti, benci na ƙarfe, ko'ina amsa-kuwwa ne. Ka yanka tiyub ko silifas ka ɗaure a ƙafafun benci, ka rataya tabarmi ko buhuna a bangon baya, yana rage ƙarar fiye da yadda kake zato. Mai nauyin kunne ya zauna layi na ɗaya ko na biyu, kunnen da ya fi ji ya fuskanci wajenka, nesa da tagar da ke kallon titi ko injin niƙa ko janareto. In ruwa ya sauko a kan kwano kar ka yi ta ihu, ka koma rubutu.

Fuskarka yake karantawa. Kar ka yi magana kana kallon allo, rubuta ka juyo sannan ka yi bayani. Kar ka tsaya taga na bayanka fuskar ta yi duhu, kar ka yi ta zirga-zirga. Malama mai niƙabi ko takunkumi, in ajin yara ne ko na mata ki ɗaga lokacin darasi, in ba zai yiwu ba sai ki ƙara yawan rubutu da nuni. Ihu baya taimako, yana ma ɓata siffar baki. In wani yaro ya ba da amsa daga baya ka nuna shi ka maimaita abin da ya ce. Wanda ke da na'urar ji ka duba batir da safe, kuma ka sani ita na'urar har hayaniyar take ƙarawa, ba muryarka kaɗai ba.

Kurma na gaske yana zuwa da maganar hannunshi ta gida, kurame a ƙasar Hausa suna da tasu tun da daɗewa, wadda ake koyarwa a makarantun kurame kuma ta samo asali ne daga ta Amurka, Andrew Foster ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kar ka tsaya jiran sanin wacce ce daidai, ka fara da wadda yaron ke yi, ƙaninshi ko yayarshi su koya maka. Kullum alama biyu ko uku, ajin gaba ɗaya su koya: ruwa, banɗaki, na gane, ban gane ba, sake. Malaman Islamiyya ku kula da nan, karatunmu kusan duka na kunne ne, shi ya sa makaho ke fin kowa hadda kurma kuma ya shekara yana motsa baki a banza. Shi ta rubutu da nuni za a bi da shi, alwala da sallah a yi a gabanshi ya gani ya kwaikwaya.

7. Darasin kanshi

Duk abin da za ka koyar ka bi da shi ta hanya uku, ka faɗa, ka nuna, ka ba su su taɓa. Lissafi da ƙwallon dabino, haruffa a rubuta da yatsa a faranti mai yashi. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, "ku buɗe littafi", ka jira, sannan na gaba. Yaron da ke da wayo a baki amma karatu ya gagara, yana juya b da d, kar ka tashe shi karatu a gaban aji ba shiri, ka ba shi layin tun jiya ya gwada a gida, ka yanka taga a kwali ya riƙa ganin layi ɗaya kawai. Mai jinkirin fahimta a rage mishi yawan aikin, lissafi uku maimakon goma, amma darasin ɗaya ne da na kowa. Mai in'ina ka jira shi ya gama, kar ka ƙarasa mishi kuma kar ka bari a yi dariya. Wanda hannunshi baya riƙe fensir a naɗa wa fensirin tsumma ko roba ya yi kauri, a manne takardar a tebur.

Akwai yaron da baya son hayaniya ko canji, baya kallon ido, in abu ya yi mishi yawa sai ya toshe kunne ko ya fashe da ihu. Ka zana jadawalin yini da hotuna a bango, ka gaya mishi kafin a canza aiki, ka ware kusurwa da tabarma inda zai je ya huce ya dawo. Wurin hutu ne, kar ka taɓa tura wani can a matsayin horo. Mai rawar kai da baya iya zama kuma ka ba shi aikin tashi, goge allo, raba littattafai. Bulala ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, na ga an gwada iya gwadawa.

8. Sikila da farfaɗiya

Mai sikila ya riƙe gorar ruwanshi a aji, ya fita banɗaki ba sai ya roƙa ba. Da hunturu kar ya zauna a siminti ko bakin taga, ya sa rigar sanyi, ba tsallen kwaɗo ba gudun horo. In ya ce ƙashinshi na ciwo ka yarda, in zazzaɓi ya zo a kira gida a tafi asibiti a ranar. Zai yi fashi da yawa, ka sa wani ya riƙa ajiye mishi abin da aka yi.

Farfaɗiya in ta tashi: a janye benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, ka duba agogo. Kar a danne shi, kar a tura cokali ko yatsa a baki, kar a watsa ruwa ko a ɗura mishi wani abu. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. Ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, ka faɗa wa yara wannan tun kafin ta faru don in ta faru guduwa suke yi. Iyayen da ke addu'a da tofi ba sai ka yi musu da su ba, ka ce a haɗa da maganin asibiti kuma kar a tsallake shan shi.

9. Banɗaki

Wannan ne ke korar yara daga makaranta ba tare da kowa ya sani ba, musamman 'yan mata in sun fara girma. Yaron da ke rarrafe da hannu ka yi tunanin ƙasan masan makarantarku. Da yawansu ba sa shan ruwa tun safe don kar su buƙaci shiga.

Ka ware ɗaki ɗaya mafi kusa. Ƙofa santimita 90 mai buɗewa waje, sakata a ƙasa inda hannu zai kai, ba tudu a bakin shiga. Wanda baya iya tsuguno a gina mishi mazauni, bulo gefe biyu na ramin a shafe da siminti sumul yadda zai wanku, tsayin ya yi daidai da kujerar da yake zama. In babu, tsohuwar kujerar katako a huda tsakiya a shafa fenti a ɗora a kan ramin. Bututun ƙarfe a bango na riƙewa, buta da ruwa a ciki ba sai ya ɗauko daga nesa ba, silifas na hannu ga mai rarrafe. Ga makaho a ja igiya daga baranda zuwa ƙofar, a yi tudun taka ƙafa gefen ramin don ya san inda yake. In za a sa kwaɗo don tsafta, makulli ɗaya a hannun yaron, ba a aljihun maigadin da ya tafi kasuwa ba.

10. Sauran yaran

Da sunanshi za a kira shi, kai ma haka, in malami ya ce "kai gurgu" an gama. Masu taimaka mishi su zama uku ko huɗu ana karɓa-karɓa, in ka ɗora wa mutum ɗaya zai gaji kuma karatunshi zai taɓu. Ka koya musu su tambaya kafin su tura keke. Shi ma a ba shi aiki, riƙe rajista, jan baƙi, monita in ya cancanta, kuma in ya yi laifi a yi mishi faɗa kamar kowa, lallaɓawar da ta wuce kima ita ma wariya ce. Lokacin tara kar a bar shi gadin jakunkuna. Ƙwallo a saka ta cikin leda mai ƙara a ɗaure, makaho zai bi sautin, dara da carafke kuwa ba su buƙatar gudu.

11. Jarrabawa da miƙa aiki

Abin da ya sani kake aunawa, don haka a ƙara lokaci, a karanta wa wanda baya gani ya amsa da baki ko wani ya rubuta mishi, mai raunin gani a buga mishi da manyan haruffa, lamba 18 a kwamfuta ko sama. Kurma a rubuta mishi umarnin a gajarce, kar a yi mishi shifta da baki. In ya kusa jarrabawar fita hedimasta ya sanar da hukumar tun wajen rajista, har JAMB tana da tsari na daban don makafi, amma sai an faɗa da wuri.

Don kayan aiki da horo ka rubuta takarda ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ka haɗa da awon da ka yi da adadin yaran, takarda mai lamba ta fi "muna neman taimako" tasiri. Sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da ta Jos suna da ɗaliban da ke neman wurin koyon aiki, ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, tana da rassa a jihohi, sarkin makafi ko na guragun garinku ma ya san wanda ke gyaran keke da araha.

Ƙarshen zango ka zauna da yaron da mahaifiyarshi ku duba littafin, me ya yi aiki, me za a canza. Ƙarshen shekara ka miƙa shafinshi hannu da hannu ga malamin aji na gaba, in ajin nan ba gangare a roƙi hedimasta a bar su a ɗakin da aka gyara a canza lambar ƙofa kawai. Kafin a dawo hutu a Satumba ka je ka duba gindin gangaren, ruwan damina yana cin ƙasar wurin ya bar tudun da taya ba ta hawa, baro ɗaya ko biyu na marmara ya isa a cike.